Daga Kogin Kwara Zuwa Jakar Roba: Yadda Likitoci Ke Sauya Wa Fitsari Hanya Ta Fatar Ciki

Duk wanda ya taɓa zama a shagon gyaran waya ya san abin da ake kira jampa. Layin caji ya yanke a kan allon waya, babu halin sake shi, sai mai gyara ya ɗauko siririyar waya kamar gashi ya tsallake wurin da ya mutu, ya haɗa wuta kai tsaye. Wayar ba ta koma sabuwa ba, amma ta tashi.

Likitocin mafitsara ma suna da nasu jampan. Idan mafitsara ta lalace, ko aka cire ta, ko hanyar fitsari ta toshe, sai su buɗe wa fitsarin wata ƙofa ta fatar ciki ko ta gefen baya, ya riƙa fita ta can. Magana ce da mutane ba su son yi a bainar jama'a, amma a wuri irin Bagudo ba labarin nesa ba ne.

Bagudo ƙaramar hukuma ce a Jihar Kebbi da ke iyaka da Jamhuriyar Benin. A ɓangarenta Kogin Kwara, wanda littattafai ke kira Kogin Neja, yake shigowa Nijeriya. Daga Lolo zuwa Illo, daga Ka'oje zuwa Tsamiya inda ake tsallakawa Segbana, rayuwar jama'a a ɗaure take da ruwa: noman shinkafa a fadama, su, shayar da dabbobi, wanki, da iyon yara in rana ta take. A cikin irin wannan ruwa ne tsargiya take.

Tsargiya tsutsa ce, kuma ba shan ta ake yi ba. Mai ɗauke da cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayen da ke cikin fitsarin su ƙyanƙyashe, su shiga jikin wani ƙaramin dodon koɗi, su hayayyafa a can, sannan su fito suna yawo. Da zarar sun haɗu da fatar mutum, cikin 'yan mintoci sun huda sun shige. Idan suka girma sai su tare a jijiyoyin jini da ke kewaye da mafitsara, su yi shekaru suna zuba ƙwai. Wasu ƙwayayen suna fita da fitsari, su ne ke jawo jinin da ake gani a ƙarshen fitsarin yara. Wasu kuwa suna maƙalewa a bangon mafitsara, kuma su ne masu ɓarna ta haƙiƙa: kumburi, tabo, taurin mafitsara, toshewar bututun da ke saukar da fitsari daga ƙoda.

Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ne ya gano tsutsar a Alƙahira a 1851. A 1911 wani likita mai suna Ferguson, shi ma a Masar, ya lura da alaƙarta da sankarar mafitsara, kuma tun 1994 hukumar binciken sankara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ta a jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara ga ɗan Adam. A nan gida, likitoci biyu na Sakkwato, Mungadi da Malami, sun fitar da bincike a 2007 da ya nuna cewa mafi yawan sankarar mafitsara da suke gani a yankin ita ce irin wadda ake dangantawa da tsargiya. Wannan nau'i ya fi kama mutum tun da sauran ƙarfinsa, ba sai ya tsufa tukuf ba, kuma galibi sai abin ya yi nisa ake zuwa asibiti. Dalilin ba boyayye ba ne. Wanda ya saba ganin jini a fitsarinsa tun yana ɗan shekara goma ba zai firgita ba don ya sake ganin sa yana da arba'in da biyar.

Ba tsargiya kaɗai ke kai mutum ga wannan tiyata ba. Akwai sigari, wadda ita ce kan gaba wajen jawo sankarar mafitsara a duniya. Akwai hatsarin mota ko babur da ya taɓa laka, da yaran da aka haifa da matsalar mafitsara, da sankarar bakin mahaifa idan ta danne hanyar fitsari, da kuma yoyon fitsari. Mafi yawan masu yoyon fitsari ana ɗinke musu su warke, aikin da cibiyar Gesse da ke Birnin Kebbi ta daɗe tana yi; 'yan kaɗan ne ɓarnar kan yi yawa har a yi maganar sauya hanya.

Hanyoyin da ake bi

Tsarin jiki mai sauƙi ne. Ƙoda biyu suna tace jini, suna samar da kimanin lita ɗaya da rabi na fitsari a yini ga babba. Kowace ƙoda tana da siririn bututu da ke kai fitsari mafitsara. Mafitsara tanki ce mai famfo: ta tara, ta riƙe, ta saki lokacin da mai ita ya so. Inda matsalar take shi ke nuna inda za a yi jampa.

Idan mafitsarar lafiya lau take, ƙofar fita ce ta toshe, kamar yadda kan faru ga dattawa masu kumburin furostet, ana huda ƙasan cibiya a zura roba kai tsaye cikin mafitsara. Wannan ita ce mafi sauƙi, manyan asibitoci da dama suna yin ta, sai dai dole a riƙa sauya robar bayan 'yan makonni.

Idan toshewar ta fi haka sama, fitsari ya taru a ƙoda har ta kumbura, ana shiga ta gefen baya. Likita yana kallon ƙodar a na'urar sikanin, ya soka allura, ya bi ta da siririyar waya, ya zura roba a kan wayar. Sunan aikin nefurostomi, kuma wani likitan Amurka, Willard Goodwin, ne ya bayyana shi a 1955. Aiki ne na ceton rai cikin gaggawa, don ƙodar da fitsari ya cushe ta mutuwa take yi a hankali. Robar kan buƙaci sauyi kusan duk wata uku.

Sai babbar magana, wato idan an cire mafitsarar gaba ɗaya. Hanya mafi gajarta ita ce a jawo bututan ƙodar nan a ɗinke bakinsu a fatar ciki. Ba a taɓa hanji, ba a daɗewa a ɗakin tiyata, shi ya sa ake zaɓar ta ga wanda jikinsa ya yi rauni. Aibinta shi ne bakin bututun siriri ne, yakan tsuke, sau da yawa sai an bar ƙaramar roba a ciki ana sauyawa.

Wannan matsala ce Eugene Bricker, wani likita a birnin St. Louis na Amurka, ya warware a 1950, kuma har yau dabararsa ce aka fi amfani da ita a duniya. Ana yanko ɗan guntun ƙaramin hanji, tsawon santimita 15 zuwa 20, ba tare da an raba shi da jijiyoyin da ke ba shi jini ba. A haɗe sauran hanjin ya ci gaba da aikinsa na abinci. Shi kuma guntun a rufe bakinsa ɗaya, a dasa bututan ƙoda biyu a jikinsa, a fito da ɗaya bakin ta fatar ciki, galibi ɓangaren dama, a naɗe shi ya ɗan turo waje. Wannan ɗan tsiron shi ake kira sitoma. Ja ne, mai damshi kamar cikin kunci, kuma ba ya jin zafi idan an taɓa shi. Abin burgewa a dabarar shi ne hanji ba ya daina motsinsa na tura abu gaba, don haka shi da kansa yake kora fitsarin waje. Ba ya kuma daina fitar da majina, saboda haka ganin farin zare-zare a cikin fitsarin ba alamar ciwo ba ce.

Amma bututu ne kawai, ba tanki ba. Babu famfo. Fitsari na ɗiga dare da rana, dole sai da jaka manne a ciki.

Masu neman kauce wa jaka sun ƙirƙiro wata hanyar. A 1980 wani likitan yara a Faransa, Paul Mitrofanoff, ya ɗauki afendis, ɗan abin nan da ake cirewa a jefar, ya mai da shi siririyar hanya daga mafitsara zuwa cibiya, wadda ke rufe kanta idan mafitsarar ta cika. A 1987 likitocin Jami'ar Indiana suka bayyana yadda ake ɗinka sabuwar tanki daga babban hanji ga wanda aka cire wa mafitsara. A duka biyun babu jaka: mutum ya zura tsabtatacciyar roba ta ƙofar duk bayan awa huɗu zuwa shida, ya juye, ya cire, ya rufe da ɗan filasta. A ido ta fi kyau nesa ba kusa ba. Sai dai ba ta yafe mantuwa. Wanda ya rasa roba, ko robar ta ƙi shiga, yana cikin haɗari a cikin sa'o'i, kuma tafiyar Lolo zuwa babban asibiti ba ta minti talatin ba ce.

Akwai ma wadda ba ta bi ta fata sam: a karkatar da fitsari zuwa ƙarshen babban hanji ya riƙa fita tare da bayan gida. Likitocin birnin Mainz na Jamus sun inganta ta a farkon shekarun 1990, kuma an yi ta ga mata masu yoyon fitsarin da ya gagara a wasu ƙasashen Afirka. Tana da nata haɗarin, na ciwon ƙoda da rikicewar sinadaran jini. Abin lura shi ne dalilin da ya sa ake komawa gare ta: ba ta buƙatar jaka. Likitocin sun san inda gizo ke saƙa.

Jakar ita ce na'urar

Kafin shekarun 1950, masu irin wannan ƙofa da ɗamara da kwanon roba suke fama, ga yoyo ga wari. A 1954 wata ma'aikaciyar jinya a Denmak, Elise Sørensen, ta ga 'yar'uwarta Thora ta daina fita cikin mutane bayan tiyatar hanji, sai ta yi tunanin jakar leda mai manne wa fata wadda ake jefarwa. Daga wannan tunani kamfanin Coloplast ya samo asali a 1957.

Jakar fitsari ta yau ƙaramar na'ura ce mai sassa. Akwai faifan da ke manne wa fata, wanda ake yanke masa rami daidai girman sitomar. In ramin ya yi faɗi fitsari ya ci fata, in ya yi ƙanƙanta ya yanki naman. Akwai wani ɗan marfi a ciki da ke hana fitsari komawa baya idan mutum ya kwanta. A ƙasa akwai famfo na juyewa, kuma ana so a juye tun jakar ba ta wuce rabi ba, don nauyi na ɓamɓare faifan. Da dare a jona ta da babbar jaka mai cin lita biyu a rataye ƙasa da shimfiɗa, mutum ya yi barcinsa.

To, a nan lissafin yake. Faifan yakan yi kwana uku zuwa biyar. A zafin Afrilu na Kebbi, ga wanda ke gumi a gona, da wuya ya kai haka. A ce kwana uku: jaka goma a wata, sama da 120 a shekara, har iyakar rayuwa. Kayan daga waje ake shigo da su, farashinsu na bin dala, kuma ba abu ne da ake samu a kemis ɗin ƙauye ba. Mai buƙata sai ya aika Birnin Kebbi, ko Sakkwato da ke kimanin kilomita 150 gaba, inda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ke da cibiyar ƙoda da mafitsara, ko Kano, ko Legas. Na bakin iyaka kan duba ɓangaren Malanville, Kandi ko Parakou, ya biya da sefa. Wannan hanyar ma ba abin dogaro ba ce. A watan Agustan 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin tudu, aka fi shekara a haka.

Idan jaka ta yanke, abin da ke biyo baya sananne ne: leda da filasta, tsumma, fatar da ta saluɓe, wari, sannan mutum ya janye daga masallaci da kasuwa. Tiyatar ta yi kyau, majiyyacin ya shiga uku. Kamar wanda aka ba kyautar firinta ne a garin da ba a sayar da tawadarta. Shi ya sa tambayar da ta kamata dangi su fara yi wa likita ba "wace hanya ce ta fi zamani?" ba ce. Su tambaya: me za mu riƙa saye duk wata, a ina, nawa, kuma wa za mu kira in abu ya lalace da tsakar dare?

Akwai kuma wani ƙaramin mataki da bai cin ko sisi amma yana sauya komai, shi ne zaɓen wurin ƙofar kafin tiyata. Ana sa majiyyaci ya tsaya, ya zauna, ya sunkuya, a yi alama da biro a inda fata take a shimfiɗe, nesa da cibiya da tabo da inda mazagin wando ko ɗaurin zane ke bi. Ga mai salla sau biyar, ya dace a gwada da ruku'u da sujada da zaman tahiya. Batun alwala kuwa, malaman fiƙihu sun daɗe da yin bayani kan wanda fitsari ke zubo masa ba da ikonsa ba, kuma akwai sauƙi a cikinsa. Gara a yi wa malami tambayar tun kafin a shiga ɗakin tiyata, don akwai masu ƙin aikin saboda wannan fargabar kaɗai.

Ina waya ta shigo?

Kamfanonin waje sun riga sun sa wa jakar sansa. Wani Bature ɗan Ingila, Michael Seres, wanda shi kansa aka yi wa dashen hanji, ya ƙera Ostom-i, ɗan maƙale da ke auna cikar jaka ya aika saƙo waya ta Bluetooth. Coloplast na da Heylo, mai gano yoyo a ƙarƙashin faifai tun bai fito fili ba. Dabaru ne masu kyau, sai dai an fi yin su domin masu ƙofar bayan gida, kuma gaskiyar magana, wanda bai samu jakar ba me zai yi da sansarta?

Na'urorin da suka fi dacewa da Bagudo su ne masu hana a kai ga tiyatar. Ta farko ita ce sikanin na hannu, irin Butterfly iQ da ya shigo kasuwa a 2018 a kan kimanin dala 2,000. Girmansa bai wuce injin aski ba, ana jona shi da waya, hoton ya fito a fuskarta. Ma'aikacin lafiya da aka horar zai iya ganin kumburarriyar ƙoda ko tsiro a mafitsara a asibitin ƙauye, ya tura hoton ga ƙwararre a birni, a san wanda ya kamata ya kama hanya yau ba sai baɗi ba.

Ta biyu ita ce madubin gano ƙwan tsargiya. A al'ada ana tace mililita 10 na fitsari, a duba matatar a ƙarƙashin madubin ɗakin gwaji, a ƙirga ƙwai da ido. Daga 50 zuwa sama ana ɗaukar cutar ta yi yawa. Ƙwan yana da siffa ta musamman, dogo mai ƙaya a ƙarshensa, kuma irin wannan siffa ce manhajar gane hoto ke iya koya. Masu bincike na Jami'ar Delft da ke Holan sun haɗa na'urar Schistoscope a kan ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi, suka gwada ta a Nijeriya, aka buga sakamakon a 2022. Na Jami'ar Berkeley a Amurka kuwa kyamarar waya suka yi amfani da ita, suka gwada a Kwaddibuwa. Har yanzu na'urorin bincike ne, ba su cika asibitoci ba, amma duk matashin da ya taɓa wasa da Raspberry Pi ya san kayan ba na aljanu ba ne.

Ko wayar da ke hannunka yanzu tana da aiki idan akwai mai irin wannan ƙofa a gidanku. Ƙararrawa don lokacin zura roba. Kalanda don ranar sauya faifai da ranar komawa asibiti. Ƙirgen jakunkunan da suka rage, a yi oda tun saura na wata guda. Hoton fatar da ta fara ja a tura wa ma'aikaciyar jinya ta WhatsApp maimakon a biya kuɗin mota a banza, da sharaɗin mai jikin ya yarda, kuma kada fuskarsa ta fito, kada hoton ya zauna a wayar da kowa ke ɗauka. Akwai dai abubuwan da ba a jira amsar saƙo a kansu: zazzaɓi da ciwon kwiɓi, fitsari ya tsaya na sa'o'i, sitoma ta koma baƙa ko shuɗiya, jini mai yawa. Waɗannan na asibiti ne nan take. Masu tallar maganin "wankin mafitsara" a Facebook da TikTok kuwa, abin da suka fi cinyewa ba kuɗi ba ne, watannin da sankara ke ƙarama ne.

Giɓin da ya rage na masu rubuta manhaja ne. Manhajojin kula da sitoma da ke Play Store yawanci da Turanci suke, suna kuma ɗaukar cewa akwai data kullum. A bakin iyaka, inda sabis kan ɗauke ko waya ta tsallaka layin Benin ba a sani ba, abin da zai yi amfani shi ne mai aiki ba intanet, mai magana da murya cikin Hausa, Fulfulde da Dandanci, mai nuna yadda ake yanke faifai da hoto, mai kuma ɗauke da lambobin inda ake samun kaya. Ba ya buƙatar wata babbar fasaha, sai dai haɗa kai da ma'aikatan jinya da suka san aikin.

Ita kuwa tsargiyar, maganinta ƙwaya ce mai suna Praziquantel, ana sha bisa nauyin jiki, miligiram 40 kan kowane kilo. A makarantu da sandar awon tsawo ake ƙayyade yawan ƙwayar da yaro zai sha, bayan ya ci abinci. Kamfanin Merck na Jamus yana ba Hukumar Lafiya ta Duniya kyautar maganin tun 2007, har ƙwaya miliyan 250 a shekara, kuma a Kebbi ƙungiyar Sightsavers na cikin masu taimaka wa gwamnati wajen rabon. Maganin yana kashe tsutsa, amma ba ya goge tsohon tabo, ba ya kuma hana sake kamuwa idan an koma ruwa, shi ya sa ake maimaita shi. Babban da ya ga jini a fitsarinsa, ko da sau ɗaya ne kuma babu zafi, shan ƙwayar kaɗai bai ishe shi ba. Yana buƙatar gwajin fitsari da sikanin mafitsara. Idan za a kai fitsarin gwaji, a ɗebi na tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, lokacin da ƙwai suka fi fita, kuma a tabbata ɗigon ƙarshe ya shiga kwalbar.